Dabora da Wayar Malam Auwalu

Malam Auwalu, mai kula da sito a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, bai taɓa sa wa wayarsa makulli ba sai ranar da son sani ya kai shi teburin Dabora. Da ya koma gida, matarsa Atika ta ɗauki wayar za ta kira ƙanwarta, waya ta ce sai da lambar sirri. Atika ta ajiye ta a hankali, ta ɗauke kwanon tuwon da ke gabansa, shi ma a hankali.

Dabora 'yar Zonkwa ce a baki, amma a Kumbotso aka yanke mata cibi. Mahaifinta ya tsufa yana jimar fata a Challawa. Ita kuwa tun tana sakandare take kwance rediyon gida ta mayar, ko da yaushe da ragowar kusoshi. Ta yi diflomar kwamfuta, ta ɗan zauna rumfar gyaran waya, sannan kamfanin ya ɗauke ta gwaji: ta haɗa shafin da ma'aikaci zai buɗe a wayarsa, ya ɗauki hoton fuskarsa lokacin shigowa da lokacin tashi. Manaja ya ce in shafin ya yi aiki kafin ƙarshen wata, kujera tata ce. In bai yi ba, ga ƙofa.

A kwamfutarta komai lafiya lau. A waya kuwa kyamara ta ƙi buɗewa, don waya ba ta sakar wa shafi kyamara sai hanyar da ke tsakaninsu a rufe take, mai alamar ɗan kwaɗon nan a sama. Shafi bai fita duniya ba balle a ba shi shaidar tsaron da ke rufe hanyar daga waje, sai Dabora ta ƙirƙiri tata. Amma dole a sa shaidar a kowace wayar gwaji, wayoyin ma'aikata kuma suka ƙi karɓa sai an sa musu lambar sirri. Abin da ya ci tuwon Auwalu ke nan.

Dama ma'aikata ba so suke ba. Wa zai taya a kashe sa hannun da aboki ke yi maka kana can kana shan shayi? Yanzu ga hujja ta samu. Duk wanda ta roƙa aron waya sai ya ce, "Ke Dabora, ina son aurena."

Wata ya kusa ƙarewa, sai ta tuna Atika ce mai shinkafa da wake a bakin get da rana, inda intanet ɗin kamfani ke kaiwa. Ta sayi faranti guda, ta zauna a benci, ta yi bayani dalla-dalla.

"Wato ba wata ce ta sa shi kullewa ba?" in ji Atika.

"Ni ce, Mama. Lambar ma shekarar haihuwarsa ce. Ta takardar aiki, ba ta gaskiya ba."

"Kuma abin nan zai nuna lokacin da mutum ya tashi?"

"A wayarsa, har da hoto."

Atika ta goge hannu a zane ta miƙa tata wayar, ta ƙwala wa mai kunu da mai awara kira, waɗanda su ma mazansu na ciki. Ranar da Dabora ta nuna wa manaja aikin, fuskar farko da ta fito ta Atika ce, riƙe da ludayi. Ya yi dariya har da tari, ya ce kujera ta tabbata.

Da aka fara aiki da shafin, Auwalu ya zo mata a fusace.

"Ke 'yar nan, ba kin ce abin naki sirri yake tsarewa ba? Ga shi Atika ta gano ƙarya ne obatayim ɗin da nake cewa ina yi bayan an tashi!"

Dabora ba ta ko ɗago kai ba.

"Baba, tsakanin wayarku da kwamfutata babu mai leƙe, wannan na kulle. Tsakanin get da gida kuwa, ba ni na aike ku majalisar dara ba."