Bayan Takardar da Malam Haladu Ya Ɗora

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Haladu makwancinsa, a farkon bazara, lokacin da mutanen garinmu ke sharar gona suna kai taki. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, wato taubasai muke, kuma tun muna yara ban taɓa ganinsa na ƙyale shi ba. Ko a wannan rubutu ba na jin zan iya ƙyale shi gaba ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai kula da ɗakin karatu na garinmu, a ƙasar Minjibir, kusan shekara talatin. Ɗaki ɗaya ne da baranda a gefen makarantar firamare, da kantocin littattafai, da teburi, da benci biyu. Kullum da safe zai buɗe, ya share, ya kakkaɓe littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko gara ta yi masa ɓarna, sannan ya zauna. Wata rana har azahar babu mai leƙowa sai mai neman inuwa ko mai cigiyar akuya. Nakan tsaya a kan kekena in ce, "Mai gadin takardu, yau mutum nawa?" Sai ya ce, "Da ni da kai biyu, Audu, in za ka sauko." Ban cika saukowa ba.

Ya haura hamsin da 'yan kai aka kira ma'aikatan laburare bita a Kano, don a koya musu buɗe shafin rubutu a intanet, wanda ake ce wa bulog, da yadda za su yi amfani da kafofin sada zumunta su jawo masu karatu. Haladu ya tafi da 'yar wayarsa mai maɓalli wadda ya ɗaure da kyauro. Ya dawo da littafin rubutu cike da matakai: a danna nan, a jira, a danna can. Bai yi wata guda ba ya sayi babbar waya. Da yatsa ɗaya yake rubutu, harshe a waje, tabarau a kan karan hanci. A cikin ɗakin babu sabis, sai ya fita gindin ɗorawar da ke bakin filin makaranta ya ɗaga wayar sama kamar mai duban wata. Kowane rubutu kuma sai ya buɗe shi da bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kamar wasiƙar neman aure. Na yi masa tsiya iya tsiya, bai fasa ba.

Da farko jerin sunayen littattafan ɗakin ya riƙa ɗorawa. Babu wanda ya kula. Daga nan ya koma kan abin da ya daɗe yana damunsa, wato takardun ajami da ke jibge a gidajen malamai, cikin gafaka da adaka, gara da yoyon ɗaki suna cinye su. Ya riƙa bi gida-gida yana aro, ya ɗauki hoto, ya mayar da rubutun zuwa boko, ya ɗora, ya mayar wa masu su. Mutane sun yarda da shi domin bai taɓa ɓatar da ko falle ɗaya ba.

Mutanen da suna da wata ɗabi'a. In aka yi magana mai nauyi, haihuwa ce ko rasuwa ko shaida, malamin da ke wurin sai ya jawo takardar karatu mafi kusa ya rubuta a bayanta, don ita ce ba za a yar ba, ba kuma za a ƙunshe ƙosai da ita ba. A gidan Limamin garinmu ne Haladu ya aro wata waƙar wa'azi ta kakan Liman ɗin, falle uku. A bayan falle na ƙarshe akwai layi biyar da hannun marubucin: shaida ce cewa gonar bakin tsamiya an ba wa wane aro, ba kyauta ba, a gaban dagacin wancan zamani. A wurin bita an ce musu takarda gaba da baya ake ɗaukar hotonta. Ya ɗauka gaba da baya, ya fassara duka, ya ɗora.

Daga baya na tambaye shi ko bai karanta bayan ba ne. Ya ce, "Na karanta. Sunan tsohon dagaci na gani, har murna na yi." Ni a fahimtata ga inda kuskuren yake. Mutumin da ya shekara talatin yana jera littattafai babu mai buɗewa ya ɗauka haka shafin ma zai kasance: wata kanta ce a sama, wadda sai mai son karatu zai je ya duba. Bai kawo a ransa cewa layi biyar ɗin nan suna da masu su a raye ba.

Gonar bakin tsamiya kuwa Asabe ce ke nomawa, matar marigayi Tanko, da 'ya'yanta huɗu. Kakan Tanko aka ba wa aron. Daga shi zuwa ɗansa zuwa jikansa, babu wani mai rai da ya san ba gadonsu ba ce. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da gona take. Mu ba mu da daji. Gona ce ke jingine da gona, iyaka kuwa layin gamba ne siriri. Gidan da ya rasa fili ba shi da inda zai je ya sassabe wani. Kuma ƙasar ba ta bayarwa sai an ci da ita: shekara da shekaru Tanko yana ɗora mangala a kan jaki yana kai mata taki, har ta zama tana cikin gonakin da ake nunawa.

Kwana uku kacal rubutun ya yi a shafin. Wani ya ga rubutun ya tura guruf ɗin danginsu na waya, ya isa hannun Alhaji Mudi, jikan wanda ya bayar da aron, ɗan kasuwa a birni. Ranar Juma'a sai ga motarsa a ƙofar gidan dagaci. Ba zan zalunce shi a nan ba. Ba mugun mutum ba ne, kuma su ma gadonsu an raba an sake rabawa har rabon kowa ya koma kamar shimfiɗar tabarma. Ya ga takarda da sunan kakansa, ya zo.

Ina tsaye lokacin da Haladu ya goge rubutun. Ya tafi gindin ɗorawa da littafin matakansa, ya danna abin da zai danna, ya dawo ya ce, "Na cire." Na zaro wayata na nuna masa hoton rubutun da aka ɗauka kafin ya cire, mutum biyu ne suka turo mini tun safe. Ya karɓa ya duba. Sannan ya ce, "Ni a ɗakin can in na ɗauke littafi daga kanta, ya ɗauku." Wannan darasin babu shi a cikin littafin matakan.

Aka zauna a gaban dagaci. Liman ya duba ya tabbatar hannun kakansa ne, ba shi da yadda zai yi ya ce ba haka ba. Manya suka shiga tsakani, aka yi sulhu aka raba gonar biyu. Dangin Alhaji Mudi suka ɗauki gabas, ɓangaren tsamiyar, inda takin ya fi zama. Abin da ya rage wa Asabe ba ya ba da hatsin da zai kai gidan damina. Ba ta taɓa ce wa Haladu uffan ba. In sun haɗu a hanyar rijiya sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Malam," kamar kullum. Ya ce mini da zaginsa ta yi da ya fi samun sauƙi. Gidajen malamai kuma suka aiko a mayar musu da takardunsu, adakoki suka rufe.

Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na faɗa masa a fuskarsa. Na ce tsufa ya zo masa da rawar kai, ya rufe shafin ya koma kakkaɓe ƙura, aikin da bai taɓa cutar da kowa ba. Ya saurare ni har na gama. Ranar ce kaɗai a rayuwarmu na yi masa magana ba da wasa ba, kuma har yau tana damuna.

Gona biyu Haladu ya gada. Da bazara ta kewayo sai ya aika aka kira ni gidan dagaci. Na tarar da Liman, da Asabe a rakuɓe daga gefe. A nan ya ce gonarsa ta kusa da rijiyar kuka ya ba ta ita da 'ya'yanta. Aka rubuta, muka sa hannu, aka je aka nuna mata iyaka. Da muka dawo sai na ga ya nufi gindin ɗorawa. Na ce, "Kai dai ba ka gaji da wayar nan ba?" Ya ce, "A nan aka ga waccan. A nan nake so a ga wannan." Rubutun layi uku ne, kuma shi kaɗai ne ya taɓa yi babu bayan gaisuwa. Ya faɗi gonar, ya faɗi shaidu, ya rufe da cewa kyauta ce, ba aro ba. Ya maƙale shi a saman shafin yadda duk wanda ya shiga shi zai fara gani.

Bai rufe shafin ba. Shekara biyun da suka rage masa ya ci gaba, amma da sabuwar doka. Kafin ya ɗauki hoton kowace takarda sai ya tara mutanen gidan, ya karanta musu gaba da baya a bayyane, ya tambaya ko akwai mai rai da wannan rubutu zai taɓa. Takardu da yawa ya karanta ya mayar bai ɗora ba. Wasu gidajen suka sake buɗe masa adaka. Wasu ba su buɗe ba har ya bar duniya.

Ranar rabon gadonsa aka nemi takardar kyautar a cikin kayansa aka rasa, dagacin da aka yi a gabansa kuma ya riga shi rasuwa. Sai wani daga cikin dangi ya ce ai gonar rijiyar kuka aro ce, a sa ta a lissafin rabo. Ni da Liman muka ba da shaida, amma na ga fuskoki ba su saki ba. Babban ɗansa ne ya buɗe shafin a wayarsa ya karanta layi ukun nan da ƙarfi. Rabin mutanen da ke zaune sun taɓa ganin rubutun tun yana da rai. Ya ajiye wayar ya ce, "Baba ya gama magana." Aka wuce zuwa abu na gaba.

Yau ɗakin karatun ya canja. An sa sola a rufin, sabis ya shigo har cikin ɗaki. Malama Binta, wadda ke kula da shi yanzu, tana da shafuka a kafofi biyu ko uku, tana ɗora gajerun bidiyo, manoma suna turo mata hoton tsutsar da ta kama musu dawa tana nemo musu bayani. Benci biyun nan ba sa isa, ko da yake rabin masu zaman cajin waya ya kawo su. Nakan tambayi kaina me Haladu zai ce. Na san zai ji daɗin cikar ɗakin, kuma na rantse sai ya ɗora wa kowane mai caji littafi a cinya kafin wayarsa ta cika. Amma na san zai tsorata da yadda muke tura abu yanzu: hoton majinyaci a kan gado, takardar saki, muryar mutum da ya yi magana a cikin gidansa. Duk muna dannawa ba mu tambayi wa abin zai taɓa ba. Ni kaina da na yi masa faɗa, sau nawa na tura abu ban karanta ƙarshensa ba?

Dokarsa tana nan manne a bango da rubutun hannunsa, takardar ta yi ja. Malama Binta ta ce tana bi, kuma na gani da idona. Shafin nasa ma yana nan, duk da babu mai shigarsa sosai. Waƙoƙin da ya ceto daga gara suna ciki, wasu asalinsu ya riga ya lalace. Wannan aiki ne, ba na raina shi. Amma in aka ce in faɗi abin da ya rage na Haladu, ba can zan nuna ba.

Asabe ba ta karatun boko, ba ta kuma riƙe babbar waya. Abin da ta sani shi ne rubutu yana iya kwanciya shekaru ya tashi ya raba mutum da gonarsa. Saboda haka duk farkon bazara, kafin ta sa a kai taki ko mangala ɗaya, sai ta zo ƙofar gidana ta yi sallama. Makon jiya ma ta zo. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam Audu, a duba mini ko yana nan." Na sa tabarau, na buɗe shafin da yatsa ɗaya, na karanta mata layi ukun har zuwa inda ya ce kyauta ce, ba aro ba. Ta ce, "Allah Ya jiƙan Malam." Na ce amin. Washegari da safe na ga jakai sun nufi rijiyar kuka.