Ƙashin da Kawu ya tono a rijiya

Kawu, ƙanin mahaifiyata, sana'arsa haƙa rijiya. A shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka watsa ƙauyukan arewacin jiharmu, ya iso gidanmu a Rumde ƙafa a kumbure, buhu a kafaɗa. Na karɓi buhun ina zaton dawa ce. Riga ɗaya na tarar, sai wani dutse ruwan ƙasa, mai girman ƙaramar tukunya, da wasu kunnuwa biyu a gefe.

Na ce, "Kawu, ka bar hatsi ka ɗauko dutse?"

Ya ce, "Ƙashi ne, 'yar nan. Gaba goma sha biyu na nutsa cikin ƙasa kafin na same shi. Duba, ba kamar gaɓar bayan saniya ba? To wace irin saniya ce wannan?"

Ban duba ba. Gidan ya cika da dangi masu gudun hijira, har zaure ana kwana, kuma ni ce mai tukunya. Tunanina bai wuce gari da itace ba.

Muna da maƙwabciya, Kirista daga kudancin Adamawa, malamar kimiyya a wata sakandare. Madam muke ce mata. Wata rana ta kawo mana kuɓewa, ta tarar da Kawu a gindin mangwaro yana goge abinsa da tsumma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi ƙashin ta juya shi a hannu.

Ta ce, "Baba, tun kafin mutane akwai wasu dabbobi da suka fi giwa girma, dinoso ake ce musu. Sun ƙare, ƙashinsu ya zama dutse. Ba zan rantse ba, amma a kai gidan adana kayan tarihi su duba."

Tun zuwansa ban ga haƙoran Kawu ba sai ranar. Ya yi ta cewa, "Allah mai iko!" Bai san gari ba, kuma shingayen sojoji na firgita shi, don haka ni ya roƙa in raka shi. Na ce gobe. Goben nan ta kai wata uku.

Wata Juma'a wasu dangin suka ƙaru, dole in kafa murhu na biyu. Na samu duwatsu biyu, na uku ya gagara. Kawu ya tafi masallaci, sai na ɗauko ƙashin nan na cike murhun da shi. Na san abin da nake ɗauka, ba kuskure ba ne. Na ce a raina abin da ya shekara dubbai a ƙasa, wutar tuwo ɗaya ba za ta yi masa komai ba.

Na gama tuƙa tuwon masara, miyar kuka da busasshen kifi na tafasa, sai muka ji tau! kamar harbi. Matan da suka gudo suka zube ƙasa, yara suka fashe da kuka. Tukunya ta karkace, na tare ta da muciya. Ƙashin ya tarwatse.

Da Kawu ya dawo, ya tsuguna ya jawo gutsattsarin daga toka da kara. Ya gwada haɗa biyu, suka marmashe a hannunsa. Ya karkaɗe tafinsa, ya dube ni.

"Kowa ya ci?"

Na ce an ci.

"To, alhamdu lillahi."

Bai sake tada maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni kuma girman kai ya hana in ba shi haƙuri, sai dai in riƙa ƙara masa kifi a miya. Da hanya ta buɗe ya koma gida, bayan damina biyu aka aiko mana da rasuwarsa.

Bara makarantar 'yata ta gayyaci iyaye wani baje kolin kayan tarihi a Jimeta. Akwai tsofaffin tukwane da fartanya da kayan saƙa. A bango ɗaya an liƙa hoton ƙwarangwal ɗin wata dabba mai dogon wuya, gaɓoɓin bayanta a jere, kowace da kunnuwa biyu.

Na ba ma'aikacin wurin labari, har da murhun. Bai zarge ni ba. Ya ce inda aka samu ɗaya akan samu sauran, ya miƙo mini biro da takarda in rubuta inda rijiyar take.

Zurfinta na sani. Garin ne ban sani ba. Kawu ya haƙa rijiyoyi a ƙauyuka da yawa, kuma duk zamansa da mu ban taɓa tambayarsa wacce ce ba. Na mayar da biron. Daga baya na bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya. Waɗanda suka yi haƙa tare da shi, wasu sun rasu, wasu har yau ba a san inda gudu ya kai su ba.