Tulu a Ƙasan Gangare

Shekarar da na rushe wa mutane rumbu, jan ruwa ne sana'ata. Ina da tsohuwar a-kori-kura, in ɗaura mata tanki mai taya biyu a baya, in cika a Illela in kai wa Fulani a wata ruga bayan Garu, don da bazara rijiyoyinsu ƙafewa suke yi. Hanya ɗaya ce, ta tsakiyar wani ƙauye, kuma kafin ka shiga ƙauyen akwai gangare mai tsakuwa.

Wanda bai taɓa jan ruwa ba bai san muguntarsa ba. Buhun gero in ka tsaya ya tsaya. Shi ruwa sai ka taka birki sannan yake taruwa ya bangaje ka ta baya. Ran nan na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa, motar ko a jikinta. Allah Ya tsare ba kowa a hanya, rumbu ne ya tare ni. Gero ya zube, kaji suka yi biki.

Mai garin dattijo ne marar hayaniya. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ka gyara rumbu. Amma wagga mota ba ta ƙara bi ta garin ga da tanki." Ardon rugar kuma ya aiko cewa maruƙa ba su san haƙuri ba, in ban dawo zuwa Lahadi ba zai nemi wani. Ni kuwa da ruwan nan nake ciyar da gidana.

Na ja motar sai garejin kawuna, ƙanen mahaifiyata, makaniken da ya koyi aiki a Ƙonni. Ya kwance taya, ya shafa faifan birki, ya ga duk ya kantare. Ya ce, "Mi kaka yi mishi in ya yi zahi?"

Na ce, "Kawu, ruwa nake kwara masa. Ai ruwa ba abin da na rasa ba ne."

Ya yi dariya har da tari. Ashe ni da hannuna nake lalata shi, ina ganin gata nake yi masa. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushin dariyar.

Muka shiga kasuwa wajen mai kayan mota. Ya ɗauko mini wasu faya-fayai masu huda-huda, suna ƙyalli sai ka ce kwanon amarya. Wallahi raina ya biya. Ya ce su ake yayi, iska na ratsa hudojin ta sanyaya ƙarfe. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa, ya zuba a kan faifan, ya girgiza, ya nuna mini yashi maƙale a kowace huda.

"Wanga na 'yan kwalta ne," in ji shi. "Kai da kake cikin rairayi da taɓo, yashin ga shi ka cinye maka fad. Ga nauyi a bayanka, ta bakin hudar faifan zai tsage."

Ya zaɓi wani mai kauri, baƙi, ba kyan gani, mai 'yan tsaga-tsaga a fuska don share ƙura. Fad kuma, wato abin da ke matse faifan, ya ce mai gaurayen ƙarfe za mu saka, wanda zafi ba ya kashe masa ƙarfi. Na ce na ji irinsa ƙara gare shi. Ya ce, "Gara shi yi kuka da kai ka yi." Ya zubar da tsohon man birki ma ya sa sabo.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Wai sai fad ya saba da faifai. Kawu ya sa ni hawa hanyar Amarawa, in ɗan ja in taka, in ɗan ja in taka, ba tsayawa cak. Masu kabu-kabu suna wuce ni suna tambaya ko koyon mota na koma. Na haɗiye.

Asabar da hantsi na cika tanki fal, na tsaya a saman gangaren, na gangara da ƙafa wajen mai gari. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na yi gyara. A gwada ni." Sai ya sa aka kawo tulun gidansa, aka ajiye a tsakiyar hanya a ƙasan gangaren. Ya ce in na fasa shi, magana ta ƙare.

Na koma wajen motar, na yi bismilla, na sa giyar ƙasa, na sauko. Ruwan ya bangaje ni kamar kullum, na taka, motar ta yi ƙara ta kame. Tsakanina da tulu ya fi kamu biyar. Na fito ina washe baki.

"Koma," in ji mai gari. "Na farko kowa na iya tsayawa."

Tsohon nan bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya san ran da na rushe rumbu sawu na uku nake kai. Na zagaya na hau, na sake saukowa. Ta tsaya. A na uku warin zafi na tashi daga tayoyi. Na taka. Fedar birkin ba ta nutse ba, tana nan da taurinta ƙarƙashin ƙafata, motar ta tsaya daidai kan sawunta na farko.

Mutanen da suka taru suka hau kabbara. Ni daɗi ya hana ni fitowa, ina zaune ina dariya ni kaɗai. Mai gari bai aiki kowa ba. Da kansa ya miƙe, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauke tulun daga hanya, ya rungume shi a ƙirji.

Ya ce, "Wuce, ɗana. Shanu na jin ƙishi."