Baliz ɗin Kapiten

Ni Idi makanike, aji uku na kolej na tsaya. Garajina na unguwar Bukoki ni na gina shi, inji kuma da kunne na koya, ba wanda ya riƙe mani hannu.

Shekarar fari da yunwa, sojoji na kan mulki, sai ga soja a ƙofata: "Patron, ɗauko baliz ɗinka, Kapiten na kira."

Na ɗauka kamu ne, don a Faransancin da na sani baliz akwati ne. Na cusa tufafi cikin akwati, na nemi gafarar uwargida.

A bariki Kapiten, yana tsaye gefen motarsa da ta ƙi tashi, ya dubi akwatin. "Wannan fa?"

"Baliz, mon kapiten."

"Malam, baliz na'ura ce da ke tambayar ƙwaƙwalwar mota ciwonta. Motar nan cike take da 'yan leƙen asiri: wani na auna zafi, wani iska. Ɗaya ya yi shiru, ƙwaƙwalwa ta hana inji mai."

Wannan tsarin kam duk ɗan ƙasa ya san shi. Na bi wayoyi da yatsa har na iske wadda ɓera ya gwaguya, shi ma fari ya taɓa shi. Na ɗaure, mota ta tashi, na koma gida da kayana.

Masu baliz, ku zo ku yi gardama. Amma a rubuta sunana: Idi Bukoki.