Gawayin da Inji Bai Ji Ba

Kafin duk wannan, ni yaro ne da ba a jin muryarsa. A ƙauyenmu da ke bayan Zakirai, in ana neman wanda zai karanta wa tsoho takardar asibiti, ni ake kira. Ina karatu a wata kwaleji a Kano, ina dawowa gida hutu. Ba na shan komai, ba na zaman majalisa. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta duk abin da na gani, har ranar da aka yi ruwan farko. Na faɗi wannan ne don ku san ba sai mutum ya yi kama da ɓarawo yake zama ɓarawo ba.

A shekarun nan da gero ya gagari talaka, ƙanen mahaifiyata Kawu Sale ya dawo daga haƙar zinariya a hamada. Bai dawo da komai ba sai tari da injin neman ƙarfe. Sanda ce mai faifai a ƙasa da abin sawa a kunne. In faifan ya bi ta kan ƙarfen da ke binne, sai ya yi kuka siriri. Kawu ya jingine shi a zaure ya ce, "Ɗauki, ɗan boko. Ni ya gama cin kuɗina."

Da farko wasa ne. Nakan tafi kufai, inda tsohon gari ya tashi, in tono anini mai huda, ko kan kibiya, ko guntun linzami. Kowanne sai na rubuta zurfinsa da wurin da na same shi. Daga baya kufai ya ƙare mini, na fara shiga gonakin mutane da rani ba tare da na tambaya ba. A wajenmu babu daji, gona tana jikin gona, duk inda ka taka na wani ne. Na ce a raina ai ba amfanin gona nake taɓawa ba.

Sai wata mata ta roƙe ni in nemo mata awarwaron azurfa da ya faɗi a gonarsu. Na same shi kafin azahar. Na sa a aljihu, na je na ce mata ban gani ba. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, ka sha rana." Na jira abin da zai same ni, babu abin da ya same ni. Wannan shirun ne ya lalata ni.

A cikin wannan yawon na ji injin ya yi kuka a gefen gonar Baba Inusa, wani dattijo maƙwabcinmu. Na tona kamu ɗaya, na tarar da ruwan garma, wato ƙarfen bakinta, ya yi tsatsa. Na san ko mene ne. Mutanen dā in sun raba gona sukan binne ƙarfe a kan iyaka ya zama shaida, domin ciyawar gamba da ake shukawa a kan iyaka tana iya mutuwa. Na mayar da ƙasa, na rubuta: "Ruwan garma, kamu ɗaya, taku shida yamma da ɗorawa. Akwai baƙin abu a ƙarƙashi."

Gonar da ke yamma da ta Baba wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya saya, Alhaji Mamuda. Yana son ɗorawar nan da ƙasar da ke kewaye da ita, inda taki ya fi zama. Ni da bakina na ba shi labarin ƙarfen, don kawai in nuna na san abin da wasu ba su sani ba. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Injiniya, shi ƙarfen nan ba ya tafiya ne?"

Na ce, "Ban gane ba, Alhaji."

"Ka gane mana. Kai da ke kwaleji. Na ji an ce rajista ta tsaya maka, gidanku kuma sau ɗaya ake ɗora tukunya."

Ranar Juma'a, da rana tsaka, lokacin da maza duk suka tafi masallaci a Zakirai, na tone ƙarfen na mayar da shi gabas da ɗorawa. Na daddale ƙasar, na watsa busasshen kara a kai. Ina jin huɗuba daga nesa iska na kawowa.

Bayan wata biyu Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce an shigar masa gona. Baba Inusa ya ce mahaifinsa ya binne shaida, amma shi yana cin rani a lokacin, bai san daidai wurin ba. Shi da kansa ya ce a kira ni. "Yaron nan ba ya ƙarya, injinsa ma ba ya ƙarya."

Na bi yamma da ɗorawa a gaban jama'a, shiru. Na bi gabas, injin ya yi kuka. Aka tona, ga ƙarfe. Baba ya tsuguna ya shafa shi, ya ce garmar mahaifinsa ce, ya gane ƙirar. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, sake dubawa can." Na sake. Shiru.

Na zaci zai yi faɗa, ko ya zage ni. Da ya yi haka, da na samu sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya yarda. Ya ɗauka cewa shekara arba'in yana noma ƙasar wani, yana ciyar da 'ya'yansa da haram. Ya san abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar da ba tasa ba. A wannan shekarar ta yunwa ya buɗe rumbunsa, ya ɗauki dammunan gero ya kai wa Alhaji, ya durƙusa ya nemi gafara. Alhaji ya karɓa.

Da yamma ya zo zaurenmu ya kama hannuna da hannu biyu. "Ka tsamo ni kafin in shiga kabari da kayan mutane. Allah ya yi maka albarka." Na ce amin.

Daga nan ya daina zama cikin dattawa. Aka ce in an miƙo masa tuwo sai ya tambaya daga wace gona hatsin ya fito. Ya rame. Bai ga girbi ba.

Matarsa Inna Hansai ba ta je wurin tonon ba, kuma babu wanda ya tambaye ta. Amma tana amarya lokacin da aka binne ƙarfen, kuma ita surukinta ya aika ta kwaso gawayi daga murhunta aka zuba a ramin kafin a ɗora garma, domin ƙarfe yana cinyewa, gawayi kuwa ba ya ruɓa. Ta tambayi Baba ko an ga gawayi, ya ce ta bar maganar, kada ta ƙara masa zunubi. Ta bar maganar har ya rasu, har ta fita takaba. Ranar da ta fita, ta ɗauki fartanya ta nufi ɗorawa. Kwana uku tana tono ita kaɗai. A na ukun ta kai ga gawayin, da jan tsatsa kwance a kansa, siffar garma sak.

Ta sa aka kira mai unguwa, aka kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, injinka yana jin gawayi?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To, shi ya sa."

Mai unguwa ya kai maganar wurin 'yan sanda, suka samu littafina a ƙarƙashin katifa. Ba su sha wahala ba, na rubuta musu komai da hannuna, har baƙin abin da ban san amfaninsa ba. Alhaji ya ce bai taɓa aikena ba, ni na yaudare shi. An mayar da gonar, ni aka ɗaure.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, kun ji daga wasu. Abin da ba a gaya muku ba shi ne kunne. Kukan injin nan ya bi ni ciki. Ina cikin salla in ji shi siriri, sai in ji muryar Baba a bayansa tana cewa in sake dubawa. Har yau in wani ya sa mini albarka, jikina sanyi yake yi.

Da na fito, kafin in shiga gidanmu na je wurin Inna Hansai. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta daɗe tana tsince wake ba ta dube ni ba, sannan ta ce, "Nawa na yafe. Gona ta dawo. Amma shi ya tafi yana ganin kansa ɓarawo, kuma ba ni da hanyar da zan gaya masa. Kai ma ba ka da ita."

Na mayar wa matar nan awarwaronta, ta karɓa. Karatu ya wuce ni. Yanzu ina noman rani a Watari a gonar wani, ina roƙon Allah gafara.

Ku matasa, musamman ku masu shiru da ake yarda da ku, ku ji tsoron wannan yardar. Kada ku taka gonar da ba ku nemi izini ba, ko da rani ne. Abin da kuka tsinta ku mayar tun ranar, kafin ku saba da nauyinsa a aljihu. In babba ya kira ku da sunan da ba ku kai ba, ku tambayi kanku me yake so. Kuma in za ku nemi gafara, ku nema tun mai ita yana ji.

Na je maƙabarta in tsaya a kan Baba Inusa, ko sallama in yi masa. Damina biyu ta wuce, kaburburan sun baje sun zama ɗaya. Na yi ta zagayawa ban gane nasa ba. Ni da na iya nemo abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai na tuna ba a binne mutum da ƙarfe.