Jan ƙyallen Kawu Ɗanjuma

Ina tashar Ɗan Issa, jakata tana kan motar da za ta tsallaka iyaka da ni zuwa ci-rani, aka kira ni a waya aka ce Kawu Ɗanjuma ya cika. An same shi da hantsi zaune a gindin gawo cikin gonarsa, gatari a cinya, kamar mai hutawa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na koyi riƙon hauya. A ƙauyenmu da ke yankin Gabi babu mai son ratsa gonarsa shi kaɗai. Lokacin da kowa ke share gona fes, a sare toho a ƙone, shi sai ya durƙusa gaban kututture, ya zaɓi toho biyu masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya ɗaura wa biyun jan ƙyalle. Iska na kaɗawa, gonar duk ta ɗauki motsi. Aka ce da iskoki yake noma. Masu saran itace suka daina taka wurin. Wasu har suka daina cin tuwon gidansa, kuma na san abin ya yi masa ciwo.

Ni ma tsoron nake ji, har ranar da na iske shi yana yaga tsohon zanen matarsa, Inna Rabi. Ya yi dariya ya ce, "Na yi roƙo, na yi hwaɗa, ba wanda ya ƙyale min icce guda. Zanen Rabi ya tsare su. Kai dai kama bakinka." Yakan kuma ce, "Itacen ga ba su mutu ba, suna ƙasa suna jiran a bar su."

Gawo da kalgo da sabara suka tashi. Ganyensu ya zame taki, yashi ya daina binne shuka. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, geronmu ya bushe a tsaye, nasa ya yi ido. Masu ƙin tuwonsa suka zo neman dami, ya ba su, bai tuna musu komai ba.

Da aka tashi neman itacen kabari, sai ga su a bayan rumbunsa, an sare, tsayinsu ɗaya, ɗanyu shar. Inna Rabi ta ce kwana biyu kafin rasuwarsa ya kawo su, babu wanda ya tambaye shi na mene ne.

Ranar sadakar uku na ji wani yana cewa mai gona ya tafi, iskokinsa sun bi shi. Na gane gatura za su shiga, ni kuma jakata a ɗaure take. Washegari na je yi wa gonar sallama. A gefen gabas akwai sabon toho mai yawa da na gani tsirara, babu ƙyalle, ranar jana'iza. Yanzu rabinsa yana ɗauke da jan ƙyalle, rana ba ta ko taɓa shi ba, ƙullin kuma irin na Kawu ne. Na duba yashi, babu sawu sai nawa.

Na je wurin Inna Rabi, tana cikin takaba. Ta ce, "Ni ban hita ba, ɗana. Zanen na cikin akwati." Ta ɗauko shi, muka ga an yage gefe guda. Ta miƙo mini, ta ce, "Ko wa ya ɗaura, bai gama ba."

Ban koma tasha ba. Har yau ban san hannun wa ya riga ni ba, na kuma daina tambaya.

Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, Ya yafe masa dabarar ƙyallensa, Ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya sanyaya mana ƙasa. Allah Ya ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ya sa hatsin rumbunsu kada ya ƙare. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin ƙarasa ɗaya rabin.