Fegin Da Malam Habila Ya Ce A Bari Da Yunwa

Ƙarfe shida na safe ba ya samun Malam Habila a gidansa na Bakori, in ba ranar Lahadi ba. Kafin nan ya sha kokon da matarsa Liatu ta dama, ya ɗaure akwatin katako a bayan keke, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya kama hanya. Yau Tsiga, gobe ƙauyukan Maska, in ya nausa wajen Malumfashi sai ya kwana biyu. Makarantu goma sha huɗu yake zagayawa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wanda ya leƙa akwatin nan zai rantse kayan bola ne: kwalabe, gwangwanayen madara, batir ɗin tocila, guntayen waya, da wani tsagaggen madubi. Da su ya koya wa malaman ƙasar nan yadda ake koyar da kimiyya.

A ƙarshen watan nan na Disamba zai ajiye aiki. Na jira in ji wani babba ya tashi ya yi magana a kansa, shiru. Na jira in ji an ce ga wanda zai gaje shi, nan ma shiru. To ni Mudi, malamin aji bakwai a wata ƙaramar makaranta tsakanin Bakori da Tsiga, zan yi, ko da yake raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin ran da shi kansa nake yi.

Kafin ya fara zuwa mana, ga yadda muke koyar da kimiyya: malami ya buɗe littafi, ya kwafe a allo, yara su rera kamar waƙa. Ni da bakina na shekara uku ina gaya wa yara cewa iska tana da nauyi, alhali a zuciyata ban yarda ba. Ranar da ya fara shiga ajina ya zauna a bencin baya, ya bari na gama rerawata. Da yara suka fita ya ce, "Malam Mudi, sannu da ƙoƙari. To ita iskar, ina ka ajiye ta? Ban ga ka nuna musu ba." Ya cika kofi da ruwa, ya rufe bakinsa da takarda, ya kife. Ruwa ya ƙi zuba. Wallahi sai da na ja da baya.

Daga nan ya kafa mana taron Asabar ɗin ƙarshen wata. Malamai wajen talatin muke haɗuwa a aji ɗaya, wasunmu da furfura, ya sa mu zauna a bencin yara, gwiwoyi na taɓa haɓa. Ba ya yarda ka ce "littafi ya ce." Sai ka yi da hannunka. Ranar da yake makarantarka kuwa, in an tashi ba ya tafiya, sai ya tara 'yan aji bakwai da karatu ya yi wa nauyi a gindin ɗorawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, don jarrabawar shiga sakandare. Babu wanda ya sa shi. Da malamai da yawa suka bar ƙasar nan a shekarar 1966, aka tura irinmu masu ƙaramar takarda manyan azuzuwa, taron nan ne kaɗai ya hana mu tozarta a gaban yara.

Sai ga shi bara an aiko da labari daga ofishin ilimi cewa za a duba ko taron yana da amfani. In yana da shi, za a naɗa wani ya ci gaba bayan Malam Habila. In babu, a rufe. Jami'in da ke duba makarantunmu zai zo da kansa cikin watan Agusta ya ga abin da malaman taron suka iya. Malam Habila ya zaɓi makarantarmu, ya zaɓi ajina. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin da ya tsara ba wuya gare shi. Aka auna fegi biyu a gonar makaranta, girmansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, jigawa ce da ta gaji. Yara suka shuka dawa iri ɗaya, rana ɗaya. Fegi na farko aka zuba masa takin zamani. Na biyu aka kafa masa allo, aka rubuta BA TAKI. Duk Juma'a yara su auna tsawon dawa da igiya su rubuta. Malam Habila ya dube ni ya ce, "Na biyun nan, a yi masa noma, a cire ciyawa, amma kada a ba shi komai. A bar shi da yunwarsa." Na ce to.

Sai dai fegin yunwar shi ne a bakin hanya, hanyar da kowa ke bi ranar kasuwar Bakori. Kafin tsakiyar Yuli fegi na farko ya yi kore shar, na biyu kuwa ya tsaya iya ƙwauri, ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, abin tausayi. Masu wucewa ba sa ganin na ciki, na bakin hanya suke gani. Wani abokin mahaifina ya tsayar da jakinsa ya ce, "Mudi, gonar taka ce wannan? Ikon Allah. Ashe abin da bokon ke koyarwa ke nan. Ka gai da tsohon naka, ka ce ina yi masa jaje." Mata masu kai nono suka riƙa dariya. Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. A gidanmu mutum ya bar iyalinsa da tsumma ya fi sauƙi a kan a gan shi da irin wannan gona.

Na daure mako biyu. Ran nan bayan sallar asuba na ɗebi farin takin nan a kwano, na bi gindin dawar ɗaya bayan ɗaya, na rufe da ƙasa. Na ce a raina ɗan kaɗan ne, don dai ta farfaɗo, ai ba za ta kamo ɗayar ba. Abin da ban sani ba, hedimastanmu Malam Buba shi ma gorin ya ishe shi, ya zuba nasa kwanon. Sannan wata tsohuwa, wadda gidanta ke jingine da gonar, ta ga dawa na wahala a ƙofar gidanta, ta share turken awakinta kaf ta juye a ciki, don neman lada. Ruwa kuma ya sauka kamar an aiko shi.

Ranar da jami'in ya zo, fegin da aka rubuta wa BA TAKI ya fi mutum tsawo, kara kamar rake. Na takin yana gefe, ya zama ƙane. Malam Habila ya yi mako uku bai zo ba saboda rafi ya cika, tare da jami'in suka iso. Na ga Malam ya tsaya, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya cire hularsa ya mayar.

Jami'in ya yi dariya ya ce, "Malam Habila, wato abin da kake koya wa malamai shi ne taki yana hana dawa girma? Gwamnati na fama da manoma su karɓi takin nan, kai kuma ka kafa musu allo a bakin hanya!"

Ni a lokacin addu'ata ɗaya, ya ce yara sun yi kuskure sun musanya allon. Ƙarya ce ƙarama, da ta wuce, kowa ya huta. Ina! Wannan bawan Allah sai ya juya ga yara ya ce, "Kun ga abin da muka zata, kun ga abin da ya fito. Ba su zo daidai ba. Me za mu yi?" Can sai Hansai, yarinyar da a farkon shekara ko bakinta ba ta iya buɗewa a aji sai da ya yi ta zama da ita a gindin ɗorawa, ta buɗe littafin awo ta ce, "Malam, har Juma'a ta shida dawar da ba taki tana baya. Daga ta takwas ta fara gudu. Wani abu ya same ta a tsakani." Ya ce, "A ina za mu neme shi?" Ta ce, "A ƙasa." Ta ɗauki fartanya ta tona gindi ɗaya. Ga kashin awaki, ga sauran farin taki bai gama narkewa ba.

Ku ji fa. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta bi lissafi ta gano abin da manya uku suka binne. In akwai shaidar da ta fi wannan cewa aikin mutumin nan yana ci, ban san ta ba. Fuskar Malam Habila har haske take yi. Amma jami'in ba wannan ya zo gani ba. Ya zo ganin doguwar dawa a inda takarda ta ce za a ga doguwar dawa. Ya haɗe rai ya ce, "Wa ya yi wannan? Malamin da ya yi shi ba zai ga kwas ɗin ƙarin girma ba, ni na faɗa."

Sunana yana cikin waɗanda za a tura kwas ɗin a watan Janairu. Shekara huɗu ina jiransa. Na dubi Malam Buba, yana kallon sama kamar mai neman wata. Na buɗe baki, na rufe. Malam Habila bai ko dubi inda nake ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Na ce musu kada a zuba, ban zauna na fahimtar da su dalili ba. Kuma ni na sa fegin a bakin hanya, alhali na san 'ya'yan manoma na ba wa aikin."

Jami'in ya rubuta abin da ya ji. Bayan wata biyu takarda ta zo: taron Asabar zai tsaya ranar da Malam Habila ya ajiye aiki, ba za a naɗa kowa ba. Ni kuwa na tafi kwas ɗina, na dawo da takardata.

Malam Habila, yanzu da kai nake. Haba Malam! Wa ya roƙe ka? Kai ne ka hana mu cewa "littafi ya ce," ka koya mana faɗin abin da ido ya gani ko da bai yi daɗi ba, sannan ranar da aka zo ga gaskiyar da za ta cece ka, ka ɗauki kayan wani ka aza a kanka. Shekara goma sha ɗaya kana tura keke cikin taɓo, ka bari aka rubuta a fayil ɗinka cewa ba ka iya fahimtar da malamai ba. Da ka zage ni a gaban yara, da tuni na warke. Ko sau ɗaya ba ka tayar mini da maganar ba. Wata na zagayowa ka shigo ajina da akwatinka, ka ce, "Malam Mudi, yau maganar maganaɗisu za mu yi," kamar ba abin da ya faru. Na Liatu, mai keke ɗaya makaranta goma sha huɗu, wallahi haƙurinka yana da ban haushi.

Su ma na ofis ina da magana da su. Kun zo duba gona, aka nuna muku yarinya mai tunani, ba ku gan ta ba. Hansai tana makarantar 'yan mata yanzu, ita ce ta farko daga ƙauyen nan. Ku tambayi malaman Tsiga wa ya koya musu yin ma'aunin ruwan sama da kwalba da mazurari. Ku tambayi na Maska wa ya kwana uku yana gyara musu darasin wutar lantarki da batir biyu. Mu malamai kuma kada mu yi ta nuna ofis da yatsa. Mu talatin ne muka ci moriyar taron nan, da takardar rufewa ta zo ko mutum ɗaya bai ɗaga alƙalami ba. Sai a inuwa ake ta "kai, abin bai yi daɗi ba."

Makon jiya na rubuta wa ofis wasiƙa, na faɗi abin da na yi, na sa hannu. Kafin in aika na kai masa gida. Na same shi yana ɗaure wa keke birki. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama. Ina tsaye ina jiran ko ya ce ya yafe, ko ya ce na makara.

Ya ce, "Za su iya karɓe maka takardarka, ka sani?"

Na ce na sani.

Ya ce, "To. Amma nan ka rubuta ka zuba taki ɗan kaɗan. Kaɗan nawa?"

Na ce, "Malam, kwano ɗaya ne."

"Wane kwano? Na sha ko na tuwo? A cike ko rabi?"

Na ce na tuwo, a cike, har da tozo.

Ya miƙo mini alƙalami ya ce, "Rubuta haka. In za ka faɗi gaskiya, faɗe ta da awonta." Liatu tana daga ɗaki tana dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban san lokacin ba.

Na gyara, na aika. Ban san abin da za su yi da ni ba, ban kuma san ko za su janye takardarsu ba. Abin da na sani, Asabar ɗin ƙarshen Janairu ƙofar ajina a buɗe take tun hantsi, da izinin ofis ko babu. Malam Buba ya ce zai zo, ya kuma ce zai faɗi nasa kwanon da bakinsa, za mu gani. Duk malamin da ya taɓa zama a bencin yara a gaban mutumin nan, ya zo da abu ɗaya da ya koya, ya koya wa na kusa da shi. Wanda ya zauna a gida, kada in sake jin yabon Malam Habila a bakinsa.

Malam, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Na tambaye ka ko za ka zo ranar, ka ce a'a, in ka zo kai za mu zuba wa ido, ba wanda zai taɓa komai da hannunsa. Na ji haushi, na kwana biyu ina ƙunƙuni. Amma darasin farko ni zan bayar, kuma na riga na san shi: yadda malamin kimiyya ya ɓata gwajin ɗalibansa saboda gorin mai jaki, ya tsaya yana kallo wani ya biya.